Ɓeran Amurka Ya Shiga Ƙungiya, Mai Tura Lilon Sallah Fa?

Na ga yadda ka taɓe baki tun daga kan take, Malam. Ka ce duk abin da ya ishi mutanen Karaye da Rogo, ga tsadar taki, ga kuɗin mota, ga kuɗin makaranta, wannan bawan Allah ya rasa abin rubutu sai albashin masu wasa da yara? Sannu babban mutum, mai manyan damuwoyi. Gyara zama, yau da kai zan yi.

Ka ce wasa ba aiki ba ne? Ga wanda yake zaune a kan lilon yana ihu, haka ne. Amma wanda yake tura shi tun hantsi har magariba, da mai yagar tikiti a bakin ƙofa yana raba faɗa, da wanda zai share leda da ɓawon rake bayan kowa ya watse, je ka gaya musu wuni suka yi suna wasa. Shawarata ɗaya: ka faɗa daga nesa.

Bari in fara kai ka Amurka, don na san halinka, magana ba ta shiga kunnenka sai an ce daga ƙasar Bature ta taso. A garin Anaheim na jihar Kalifoniya akwai Disneyland, gidan wasan da aka buɗe tun 1955, inda ake yi wa kirari da wurin da ya fi ko'ina farin ciki a duniya. A watan Yulin 2024 ma'aikatan wannan gida na farin ciki, waɗanda ƙungiyoyinsu ke wakiltar mutum kusan 14,000, masu kunna injinan hawa da masu shara da masu sayar da tikiti da masu yin alawa, suka kaɗa ƙuri'a a kan ko a tafi yajin aiki. Kashi 99 cikin ɗari na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce a tafi. Zaɓen ƙananan hukumominmu ne kawai yake fin wannan sakamakon. Kamfani ya duba, ya ga lokacin hutun bazara ne, layi har bakin titi, ya tuna yajin 1984 da ya ɗauki kwana 22, sai ya sauko. Kafin wata ya ƙare an daidaita: mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 19.90 zuwa dala 24 a kowace sa'a, da sharaɗin ya kai 26 a 2026. Wata biyu kafin nan, masu shiga cikin rigar ɓera da ta agwagwa suna ɗaga wa yara hannu, su kusan 1,700, su ma sun zaɓi shiga ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo. Ɓera, Malam. Ɓera ya yanki katin ƙungiya.

Dala 24 a sa'a? Na ji ƙarar kalkuletarka. E, a canjin lokacin ta haura naira 35,000, wato aikin sa'a biyu ya biya albashin wata na ƙaramin ma'aikacinmu. Ka ce to me suke wa kuka, 'yan butulci? Kafin ka sa gonar gado a kasuwa ka nemi biza, tsaya ka ji. A can hayar ɗan gida mai ɗaki ɗaya tana iya lashe dala 2,000 a wata, kusan rabin abin da mai tura injin zai samu kafin a cire haraji. Wani bincike da aka yi a kansu a 2018 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samun abin da zai ishe su buƙatun yau da kullum, kuma ɗaya cikin goma ya taɓa rasa wurin kwana a shekara biyun da suka gabata. Akwai masu kwana a mota, gari ya waye su wanke fuska su je su yi wa baƙi murmushi, domin murmushin yana cikin sharuɗɗan aiki. Kai ko gidan haya kake a Karaye, in abin ya ƙi, akwai zauren kawu. Shi wancan sai filin ajiye motoci.

Abin da zai ba ka dariya, a cikin wannan watan na Yulin 2024 mu ma muka gama namu cinikin na mafi ƙarancin albashi. Kwamitin mutum 37 a ƙarƙashin Bukar Goni Aji ya yi wata da watanni ana ja-ni-in-ja-ka. Joe Ajaero na NLC da Festus Osifo na TUC suka buɗe da naira 615,000. Gwamnati ta taya 48,000. Ka ce haukan wa ya fi? Haba, kai da kake taya ragon dubu ɗari uku a dubu tamanin ba ka ko ƙifta ido, yau kai ne mai ganin rashin kunyar wasu? Ƙungiya ta sauko 494,000, gwamnati ta hau 60,000 tana nishi. Ranar 3 ga Yuni 'yan ƙwadago suka kashe wutar ƙasar gaba ɗaya suka rufe filayen jirgin sama. A wasu ƙauyukanmu dai ba wanda ya lura an kashe wani abu, sai a rediyo aka ji. Daga nan aka koma 250,000 da 62,000, ranar 18 ga Yuli aka tsaya a 70,000, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 29. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da na Kano a watan Oktoba: 71,000. Wannan dubu ɗayar ta sama kada ka raina ta, ita ce ta sa muka fi dokar ƙasa, kuma ko abokan wasanmu Zazzagawa suka tanka mana da dubu biyunsu, sai mu ce musu su nuna takardar biya.

Ka ce ai an ninka har da ɗoriya, daga 30,000 zuwa 70,000, me kuma ake nema? Lissafin firamare ya yi maka rana. Saura na kasuwa. A 1981, zamanin Shagari, da Hassan Sunmonu ya ja ma'aikata yajin aiki aka yanka naira 125, kuɗin nan ya kai kimanin dala 200. Na 18,000 da aka yi a 2011 ya haura dala 100. Na 30,000 a 2019 ya kai dala 80 da 'yan kai. Wannan na 70,000 ranar da aka sa masa hannu bai cika dala 50 ba. Ka ce kai ba dala kake ci ba? Gaskiya ne. Amma fetur ɗin da ya kawo tuwonka ita yake ci. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar, buhun shinkafa ya wuce albashin gaba ɗaya ya bar shi a baya yana ɗaga hannu. Ƙarin albashi a ƙasar nan rigar yaro ce da tela ya auna ya riƙe shekara biyar: ranar da aka karɓo, sabuwa ce fil, sai dai hannunta a gwiwar hannu yake tsayawa.

Na ji ka. Ka ce duk wannan labarin gwamnati ne da Amurka, ina Disneyland a Karaye? Babu, kuma ban ce akwai ba. Muna dai da dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, ruwa iya ganinka, wanda a wata ƙasar da tuni an kewaye shi da kwale-kwalen shaƙatawa ana karɓar kuɗin ƙofa. Muna da hawan Sallah, da masu kula da dawaki, da makaɗa, da masu lilo da ke kafa ƙarafunansu kwana uku su kwashe. Muna da sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Kusalla, inda kowane zango 'yan gari suke wanki da guga da girki da cajin waya. Ɗan hidimar da suke yi wa wankin, alawus ɗinsa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000 a 2025. Yaron da ke wankin, nasa alawus ɗin sunansa "ga wannan ka sayi sabulu."

Nan ne inda dokar take ɓoye wutsiyarta, kuma na ci amanar ba ka taɓa karanta wurin ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta hau kan mai aikin 'yan sa'o'i, ko wanda ake biya da kamasho ko jinga, ko mai aikin da yake zuwa da lokacinsa irin na gona. To lissafa mini: mai lilo nawa ne yake da yara 25? Mai gidan kallon ƙwallo? Mai hayar keke? Kusan duk wanda yake sayar mana da nishaɗi a yankin nan yana cikin waɗanda doka ta ce musu ku tsaya a waje. Ajaero ya kashe wutar ƙasa, mai tura lilo ya sha duhun tare da kowa, da aka raba ganima ko sunansa ba a kira ba.

Ka ce ai harkar ba ta da kuɗi, da me za a biya su? Kai, ji mutum! Ka manta watan Yunin 2019, lokacin da aka wayi gari da labarin wai gwaggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a Gidan Zoo na Kano? Kuɗin ƙofa ne na 'yan kwanakin Sallah. Gwamna Ganduje ya fito ya ce gidan ma ba shi da gwaggon biri. Duniya ta yi ta dariyar birin, ni kuwa adadin ne ya tsaya mini a rai. Miliyan kusan bakwai daga 'yan canjin da yara suka tara na barka da Sallah, a lokacin da dubu talatin take albashin wata. Kuɗi akwai. Hanyar da suke bi ce ba ta cika ratsawa ta aljihun mai shara ba.

Sai ka gyara hula ka ce ƙungiya da yajin aiki al'adar Bature ce, mu nan ubangida da yaro muka sani, ana yi da mutunci. Madalla da mutunci. Je ka tasha ka ce za ka ɗauki fasinja zuwa Kano ba tare da ka bi layin 'yan kamasho ba, ka dawo ka ba ni labarin al'adar Bature. Je ka yanka sa a kasuwa ba da sanin Sarkin Fawa ba. Ko kuma ka jira tsakiyar damina a Rogo, ciyawa ta ci ƙarfin masararka, ka nemi masu noma ka taya musu jingar bara. Ba sakatare, ba ofis a Abuja, ba taron manema labarai. Za su dubi juna su rataya fartanya su wuce gonar maƙwabcinka. Sun san ciyawa ba ta jira, kuma sun san ba ɗayansu da zai zagaya ta baya ya karya farashi. Abin da ma'aikatan Disney suka yi ke nan da hutun bazara, sai dai su da lauyoyi.

Mai tura lilo shi ma yana da tasa ranar, safiyar Sallah, yara sun yi layi cikin sababbin kaya, ubangida yana ƙirga riba a zuci. In ya naɗe hannu a wannan sa'ar, sai a saurare shi. Ka ce ai samari goma suna tsaye a bayansa suna jiran ya yi fushi? To yau ka faɗi gaskiya, kuma ba zan yi maka musu ba, ko da yake ina so. Wannan shi ne raunin, kuma shi ya sa kukan mutum ɗaya ba ya ƙara ko sisi. Sai goman nan sun yarda ba za su karɓi abin da ya ƙi ba. A garin da aiki ya yi ƙaranci, shawo kan mai jin yunwa ya ƙi aikin kwana uku ya fi kashe wutar ƙasa wuya.

Ka ce ai yanzu hatsi ya sauka, a bar maganar? Ya sauka a 2025, ba ƙarya. Amma faɗi wannan a hankali in kana Rogo, don wanda ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha yana kusa. A nan malamin firamare shi ne manomin, mai tura lilon Sallah shi ne mai noman jinga da damina. Abin da kasuwa ta sa masa a aljihun dama, daga na hagu ta ciro.

To, na ga jikinka ya yi sanyi. Ka ce shi ke nan, a ƙara musu, Allah ya sa albarka. Ma sha Allah, ashe kai ma ɗan gwagwarmaya ne. Sai dai ka sani kuɗin hawa zai ɗan motsa. A'a, ka ce a cire daga ribar mai lilo? Shi ma ya ce a cire daga aljihunka, ga fetur ɗin janareto, ga kuɗin wuri. Ka ga kun zama kwamitin ɓangare uku ba ku sani ba, saura mai kawo shayi.

Sabuwar dokar ta ce a riƙa sake duba albashin duk shekara uku maimakon biyar. Ƙara uku a kan 2024, ka ga inda ta faɗo: 2027, shekarar zaɓe. 'Yan takara za su zo har Karaye da Rogo suna rantsuwa da talaka. Ka ce za ka tambaye su zancen mutum 25 ɗin nan? Kai? Ka dai bari mu ga ko bakinka zai buɗu da taliya biyu a hammata.