Kujerar da Ta Ƙi Tafiya

A Kano ba a yar da kujera. Sauka take yi mataki-mataki: daga falon maigida ta koma ɗakin yara, daga can zaure, daga zaure ɗakin maigadi. In ta gama gajiya, ɗan jari-bola ya zo da kurarsa ya miƙa maka 'yar roba ko 'yan canji, ya zare ƙarafan ya kai Ƙofar Ruwa, mai ƙosai ta hura wuta da katakon, soson kuma akwai mai yin filo yana jira. Kai da ka rabu da kaya, kai ake biya. Da wannan tarbiyya na je Ingila karatu, na kama haya a bene na biyu na wani tsohon gida a arewacin ƙasar, ɗakin da babu komai a cikinsa sai katifa da tukunyar dumama ruwa.

Wata yamma ina dawowa daga makaranta na ga doguwar kujera mai cin mutum uku a bakin titi, ruwan toka, da ɗan tumtum ɗinta na ɗora ƙafa, an liƙa takarda an rubuta kyauta ce. Na waiga gabas, na waiga yamma. Na ce lallai mutanen nan ba su san arziki ba. Na buga wa maƙwabcina ƙofa, wani dattijo ɗan asalin Pakistan da muke haɗuwa a masallaci, muka kinkime ta muka hau da ita, yana nishi yana cewa in yi tunani. Ni kuwa na riga na gama tunani tun a ƙasa.

Na more ta, ba zan ɓoye ba. A kanta na rubuta rabin kundina. Da lokacin zuwan uwargida da yara ya matso, sai na yi mata kwaskwarima don kada a gane asalinta. Na goge, na fesa turare, na ɗaga kushin na ga wani ɗan farin ƙyalle da aka ɗinke da ƙananan rubutu, na sa almakashi na datse shi.

Uwargida ta shigo, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakiyar falo tana jan hanci.

“Abban yara, kare ya zauna a kujerar nan.”

Na ce ai turare ne irin na nan ƙasar. Ba ta ce uffan ba. Ta zura hannu a tsakanin kushin, ta zaro wani guntun gashi ja, ta ɗaga shi sama kamar lauyan da ya samu shaidar ƙarshe. Ta ce ba za ta zauna a kai da kayan da take salla da su ba, yaran ma kada wanda ya kusance ta. Aka shimfiɗa darduma a ƙasa. Mu biyar muna zaune a kan darduma, kujera ita kaɗai ta cinye rabin falo.

Na ce abu mai sauƙi. A nan akwai shagunan ƙungiyoyin agaji da ke zuwa har gida su ɗauki kayan ɗaki kyauta, su sayar, kuɗin ya tafi ga binciken cututtuka ko marasa galihu. Ga rabuwa da kaya, ga lada. Samari biyu suka zo da mota, suka gaishe ni da fara'a, ɗayansu ya ɗaga kushin ya leƙa, ya sake leƙawa, ya shafa wurin da zare ya yi tsaye. Ya ce ina ƙyallen? Ashe tun 1988 akwai dokar da ta wajabta wa duk kujerar soso ta ɗauki shaidar cewa ba ta saurin kama wuta, kuma shago ba shi da ikon sayar da wadda ba ta da shi, ko da sabuwa ce fil. Na ce musu wallahi da idona na gan shi, har na karanta. Suka ce sun yarda, suka yi min fatan alheri, suka sauka hannu rabbana.

Na sa hotonta a Facebook. Mutane suka yi ta tambayar ko tana nan. Tana nan. Ba wanda ya zo.

Akwai wurin zubar da manyan kaya na hukuma a bayan gari, shiga kyauta, amma sai da mota, ni kuwa keke gare ni. Sai wani mai akori-kura ya turo saƙo cewa zai kwashe a kan fam 15, hannu da hannu. Na ji daɗi na gaya wa dattijo. Ya riƙe ni a bakin masallaci ya ce, “Ɗan'uwa, ka tambaye shi lambar rajistarsa ta Hukumar Kula da Muhalli.” Ya yi min bayani dalla-dalla. Da yawa daga cikin masu arhar nan, in sun karɓi kuɗi sai su sha kwana su juye kayan a gefen gonar wani. Zubar da shara a inda ba a yarda ba laifi ne a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, kuma ƙananan hukumomin Ingila suna fama da irin wannan sama da sau miliyan ɗaya a shekara. Daga 2023 tarar nan take ta kai har fam 1,000 ga wanda ya zubar. Mai kayan ma bai tsira ba: in ka ba wanda ba shi da rajista, aka gano naka ne, ana iya cin ka har fam 600. Na tura wa mai akori-kura tambayar. Har yau bai amsa ba.

Sai hanya ɗaya ta rage, ƙaramar hukuma. Motar shara ta mako-mako ba ta taɓa abin da bai shiga kwandon shara ba. Katifa, firji, kabad, kujera, duk sai ka shiga intanet ka yi musu rajista ta daban, a ba ka rana. Wasu garuruwan kyauta ne, namu sai ka biya. Na cika fom, na zaɓi kujera guda, na biya fam 30 ina jin zafinsa har cikin haƙori, ga harajin gida da ake karɓa a unguwar duk wata. Aka ba ni ranar da ke da nisan makonni, da sharuɗɗa: a fito da ita bakin gida kafin ƙarfe 7 na safe, ma'aikata ba sa shiga ciki, ba sa hawa bene, in akwai yagewa a liƙe ta da salatif.

Maganar salatif ɗin ce ta sa na bincika, na tarar da abin da har yanzu in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Sinadaran da aka zuba wa tsofaffin kujeru don kada su ci wuta, an gano ba sa ruɓewa, suna daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin halitta. Saboda haka daga Janairun 2023 aka hana binne kujerun soso a juji, aka hana cakuɗa su da sauran kaya. Daban ake kwashe su, a kai su inda za a ƙone su ƙurmus. Wato an ƙi karɓar kujerata ne don na yanke shaidar cewa ba ta cin wuta, yanzu kuma na biya kuɗi a je a cinna mata wuta.

Uwargida ba ta da haƙurin makonni. Ta ce tunda an biya, a sauke ta ta jira su a waje. Na ga magana ce ta hankali. Muka sake kinkima ni da dattijo, ta maƙale a kwanar bene, muka juya ta a tsaye, ta kankare fentin bango, wanda na san mai gida zai cire daga kuɗin ajiyata. Muka ajiye ta a bakin titi. Kafin la'asar labulen gidan da ke kallonmu ya motsa. Tsohuwar da ke ciki ta fito da sandarta, ta gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo, ta ce tana da yaƙinin ban sani ba, amma fitar da kaya kafin ranarsu daidai yake da zubar da shara a titi, kuma ita ba za ta so a ci ni tara ba. Yadda ta faɗi “ba za ta so ba” ya tabbatar min lambar wayar hukuma tana kanta. Ana yayyafi muka mayar da kujera sama. Yanzu ga warin kare, ga warin jiƙa. Dattijo ya daina amsa sallamata da sauri.

Daren ranar da aka sa, bayan isha, muka sauke ta a karo na ƙarshe, ko haka na zata. Na yi barci mai daɗi. Da asuba na leƙa ta taga: wayam. Babu kujera, sai tumtum shi kaɗai. Na ce kai, Turawa akwai cika alkawari, tun kafin gari ya waye. Ina cikin shan shayi sai ga babbar mota ta tsaya, mutum biyu masu riguna masu ƙyalli suka sauko suna dube-dube. Na fita da silifa. Suka ce ina kujera? Na ce ba ku kuka ɗauka ba? Ɗayan ya duba na'urarsa ya ce an rubuta kujera guda, ba su ga kujera ba, za su rubuta ba a fito da kaya ba. Kuɗin fa? Ba a mayarwa. To ku ɗauki tumtum. Ya ce ba ya cikin fom.

Duk da haka na hau sama da farin ciki. Wani bawan Allah ya gani ya yaba, kamar yadda na taɓa yabawa. Allah ya sa ya more.

Bai more ba. Ina jin tasa uwargidar ma tana da hanci. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasiƙa mai tambarin hukuma, da hoto a ciki: kujerata ce kwance a kife a wani lungu bayan shaguna, an ɗora mata tsohuwar talabijin da buhunan shara, don shara inda ta ga 'yar'uwarta nan take sauka. Jami'an da ke bin diddigin irin wannan sukan zazzage kayan su nemi adireshi. A can ƙasan kushin, inda hannun uwargida bai kai ba, sun samu ambulan ɗin banki mai sunana da lambar gida, har da 'yan bayanan babi na uku da na rubuta a bayansa. Ana gayyata ta in yi bayani.

Na sa babbar riga, don in za a ci mutum tara gara a ci shi da mutunci. Jami'ar ta saurare ni tun daga takardar “kyauta” har zuwa almakashi. Na nuna mata rasit, na nuna ranar da aka ba ni. Ta ce akwai wanda zai shaida cewa a daren na fito da ita? Akwai kuwa. Tsohuwar mai labule ta rubuto wasiƙa shafi guda, da lokacin da muka sauke kujerar, da lokacin da wasu samari biyu suka ɗauke ta wajen ƙarfe ɗaya na dare, da launin hular ɗayansu. Ta ƙara da cewa tumtum yana nan a bakin ƙofa har yanzu, ko hukuma za ta so ta sani. Aka wanke ni daga tara, aka ce in shigar da tumtum ciki ko in yi masa tasa rajistar.

Ran Juma'a na kira kawuna a Kano, na ba shi labari don ya yi dariya. Shiru ya yi.

“Tsaya, yaro. Kujerar ƙafafunta huɗu?”

“Huɗu, Kawu.”

“Soso bai mutu ba?”

“Bai mutu ba.”

“Kuma kai ka ba su kuɗi?”

Ya sa na juya masa fam 30 zuwa naira, ya yi salati, ya kira matarsa ta zo ta ji abin da boko ya mayar da ni. Ya ce shi baƙinsa a tabarma suke zama, ni ina can ina biyan Nasara ya ƙona kushin. Sannan ya sassauta murya ya ce shi wannan tumtum ɗin, kada in kuskura in ba kowa, in ajiye masa har in tashi dawowa.

Na gaya wa uwargida cewa tumtum ya zama amana, ba shi da inda za shi. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce to in kai shi ɗakin karatuna mu zauna tare. Ta juya za ta shiga kicin, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

“Af, Abban yara, wannan firjin da ke ta ƙugi da dare, shi kuma a ina ka same shi?”