Zuwa ga Banufena Mai Canki-Canka a Sudoku

Banufe, bawan Katsinawa! Labari ya iso Katsina cewa ka jingine fatsa ka ɗauki biro, kullum kana gindin mangwaro kana kokawa da Sudokun bayan jarida. Wanda ya kawo labarin ya haɗo da shafin da ka cike, ga shi nan a gabana. Lamba 4 sau biyu a layi ɗaya! Ga kuma wani gida da ka yi ta kankarewa har takarda ta huje. Kai da ganin shafin ka san mai shi canki-canka yake yi: in abu ya cije sai ya rufe ido ya dangwala lamba, ya ce Allah ya sa a dace.

To, ba a yi wasan nan don 'yan dace ba. Gidaje 81 ne, layi tara a kwance, tara a tsaye, da akwati tara, kowanne sai ya ɗauki 1 zuwa 9 ba maimaici. Tun da ya fara fitowa a wata mujallar Amurka a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, har tsohon alƙali Wayne Gould ya kai wa jaridar The Times ta Landan a 2004, mai kyau a cikinsa amsa ɗaya tak gare shi. A 2012 Gary McGuire na Dublin ya tabbatar da kwamfuta cewa sai an ba da aƙalla lambobi 17 kafin hakan ta yiwu. Na jaridarka ya ba ka fiye da haka nesa, ka ga ba ka da uzuri.

Kada ka ce ina Bakatsine ya san wannan. Mu ne muka haifi Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Nasa ma ya fi wuya, don sai kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Sudoku ko tarawa babu, shi ya sa na ga kamar za ka iya.

Da fari ajiye biron nan, ka ari fensir da kilina wurin jikanka. Sannan ka daina tambayar me za ka sa a gida. Tambayi me ba zai shiga ba. Dubi layin kwance, dubi na tsaye, dubi akwati, ka rubuta lambobin da suka rage ƙanana a kusurwar gidan. Inda ɗaya ta rage, ita ce. Inda kuma lamba ba ta da masauki a layi sai gida guda, nan ne nata, ko da wasu lambobin na rububin gidan.

Daga nan ne ake rabuwa da yara. A ce a layi ɗaya ka ga gida biyu, kowanne 3 da 8 kawai ke iya shiga. Ba ka san wanne ne na 3 ba, kuma ba ruwanka da sani tukuna. Su biyun sun riga sun kama gidajen nan, kamar kishiyoyi biyu da ɗaki biyu: ko wacce ta shiga wanne, baƙuwa dai ba ta da wuri, su ma ba za su kwana a wani ɗakin ba. Sai ka bi sauran gidajen layin ka goge 3 da 8. Sau da yawa nan take wani gida zai rage da lamba ɗaya. Haka in 6 a cikin akwati ba ta da wuri sai a gidajen da ke jere kan layi guda, goge 6 daga sauran layin a wajen akwatin.

Yanzu gyara zama, ga wadda ake kira X-Wing, na san za ta sa ka gumi. Ka duba lamba 7. A layin kwance na biyu wurinta biyu ne kacal, kan layin tsaye na uku da na takwas. Ka sauko layin kwance na shida, nan ma wuri biyu, kan na uku da na takwas ɗin dai. Kusurwa huɗu ke nan. In 7 ta sama ta zauna a na uku, dole ta ƙasa ta koma na takwas. In ta sama ta zaɓi na takwas, ta ƙasa sai na uku. Ko ta yaya aka juya, layukan tsayen nan biyu sun samu 7 ɗinsu daga kusurwoyin, don haka duk wata 7 da ka rubuta da fensir a sauran gidajensu, goge ta. Ka lura har yanzu ba ka cike gida ko ɗaya ba, amma hanya ta buɗe.

Gwada wannan a jaridar Asabar, ka aiko mini da shafin in duba. Ladan malami busasshen kifi ne na Neja, manya, ba irin ƙananan da kuke ba baƙi ba. Kuɗin shara kuma yana nan daban, ka tanada kafin cika-ciki.