Jinjina Ga Sarkin Rimot

Allah ya ja zamanin maigida, sarkin rimot, uban falo, zakin da ya sayo talabijin mai inci 65 ya kafe ta a bango, kuma tun ranar da aka zaro ta daga kwali bai taɓa ƙasƙantar da kansa ya shiga saitin hotonta ba. Yadda ya gan ta a shago tana walƙiya ƙarƙashin fitilu, tana kishi da 'yan'uwanta ashirin, haka take a ɗakinsa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Masu ita sun ɗora ta a kan saitin da suka kira Vivid don ta fizgo idon mai wucewa. Maigida kuwa mai riƙon amana ne, ya bar musu kayansu yadda suka ajiye.

Albarkar amanar nan ba ta ɓuya. Ciyawar filin ƙwallo ta yi koren da ko fadamar Haɗeja ba ta taɓa yi ba a tsakiyar damina. Mai karanta labarai ya yi jawur kamar ya wanke fuska da manja. Masana hoto sun yi ittifaki a kan wani fari da suke kira D65, wajen Kelvin 6,500, da shi ake daidaita launin fim a ɗakunan tace hoto na duniya. To, ittifaki na talakawa ne. Farin maigida sai da bula, irin wadda mai wanki ya zuba da hannu biyu.

Wata rana ɗan ƙanensa, yaro mai rawar kai, ya zo da faifan gwaji na Spears & Munsil, wanda aka fara fitarwa a Blu-ray a 2009. Ya durƙusa ya ce, "Baba, rabin awa kawai za ka ba ni." Ya nuna wani baƙin allo mai sanduna, dabarar da injiniyoyin BBC suka ƙirƙiro: a yi ta juya saitin har sandar da ta fi baƙi baƙi ta ɓace, wadda ta ɗara shi haske kaɗan ta tsaya ana ganinta da ƙyar. Ya ce a lissafin bidiyo baƙi yana kan 16, fari yana kan 235, kuma idan aka cika wa talabijin farin, duk abin da ke kusa da ƙololuwa sai ya narke ya zama abu guda. Har wata shuɗiyar leda ya fito da ita, wai a kara ta a ido a dubi sandunan launi, a rage kala har su yi daidai.

Ku ji amsar manya: "Kai yaro, kuɗi na zuba na sayi haske, sai ka ce in rage?" Wane malamin lissafi ne zai warware wannan? Yaro ya naɗe ledarsa.

Saboda tsayuwar nan tasa, mutanen gidan sun huta da wahalhalu masu yawa. Idan basarake ya fito cikin farar babbar riga, ba sai sun gajiyar da ido wajen duban aska takwas da maɗinki ya yi watanni yana tsirawa ba; riga da aiki duk sun zama fallen haske ɗaya. Idan dare ya yi a fim ɗin Kannywood, jarumi yakan shige duhu ya bar haƙora da farin ido su ci gaba da wasan, abin da ke koya wa yara kaifin tunani. Kaifin hoto kuma yana kan 100, don haka kowane kai yana tafe da farin zare kewaye da shi, har ɓarawon cikin fim ya samu rabonsa na annuri.

Babbar karamarsa ita ce santsin motsi. Ana ɗaukar fim hoto 24 a daƙiƙa, sai talabijin ɗin maigida ta ga rowa ce, ta ƙago nata hotunan ta cusa a tsakani. Fim ɗin da aka kashe wa miliyoyin daloli sai ya koma tamkar bidiyon kamun amarya. A Disambar 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie suka fito suna roƙon jama'a su kashe wannan saitin. A 2019 aka sanar da Filmmaker Mode, da goyon bayan su Martin Scorsese da Christopher Nolan, don latsa guda ta mayar da hoto yadda mai fim ya nufa. Su dai fim kawai suka yi. Maigida shi ya biya kuɗin talabijin.

Gagara gasa, fitilar unguwa, wanda maƙwabta ke gane fuskar baƙonsu da hasken tagarsa! Ko batirin sola ya san girmansa, yakan rusuna ya mutu ana saura minti goma a tashi wasa. Faifan gwajin ma maigida bai wulaƙanta shi ba, ya ba shi muƙami: shi ne murfin kofin shayinsa.