Wai Ɗan Bayoloji Likita Ne Da Bai Nuna Ba?

Jama'ar majalisar Zungur! Ku gyara zama, a ƙara wa Alhaji shayi, yau da ku nake. Labari ya iso mini cewa kun yanke wa yaranmu masu karatun bayoloji hukunci ba tare da an kira shaida ba. Wai duk wanda aka gani a wannan sashe likitanci ya nema, makin JAMB ya gaza, aka ce masa ga kwaɗi nan, je ka yi ta feɗewa. Wai shekara huɗu zai yi yana leƙen ƙafar fara a madubi, ya fito ya ƙare da alli a hannu.

Na ba ku rabin gaskiya. Da yawa a cikinsu farin kwat ɗin likita suka yi mafarki, kuma aikin gwamnati ba ya jiran kowa a ƙofar jami'a. Amma kafin ku tafa, Malam mai carbi, likitan da kake taƙama da shi a asibitin koyarwa na ATBU, wa ya fara nuna masa inda hanta take? Mai allin nan da kuke yi wa dariya. Ba a shiga ajin likitanci sai an ci bayoloji, ba a cin bayoloji sai da malaminsa.

Ku bar aji, mu leƙa ɗakin ajiyar Hajiya. Kowane rani sai an ambaci Bauchi tare da Ondo da Edo a sahun gaba na jihohin da zazzaɓin Lassa ya addaba. A 1969 aka fara gane cutar, a garin Lassa na ƙasar Borno. Mai ɗauke da ita wani ɓera ne mai jerin nonuwa da yawa, shi yana yawonsa garau, fitsarinsa da kashinsa suna sauka a kan hatsin da kuka shanya a bakin kwalta ko kwanon da aka kwana ba a rufe ba. Likita yana jiran wanda ya kamu. Wanda ke ɗana tarko, ya bambance wannan ɓera da jaba, ya san lokacin haihuwarsa da hanyar shigarsa gida, shi ne yaron da kuka ce ya ɓata kuɗin ubansa.

Na hango Baba manomi yana murmushi, wai shi gonarsa ba ta san digiri ba. Baba, ranka ya daɗe, waken da tsutsa ke cinye maka tun yana fure fa? A 2019 aka amince da irin SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa suka samar a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, iri mai kare kansa daga wannan tsutsa, har feshi ya sauko zuwa kamar sau biyu a damina. Na san akwai masu ja da irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa, kuma suna da damar ja. Sai dai ita kanta gardamar da bayoloji ake yin ta. Wanda bai san mece ce ƙwayar halitta ba, ko ya goyi baya ko ya ƙi, amshin shata yake yi. Buhun nan mai leda biyu a ciki da kake zuba wake ba magani, ka buɗe bayan watanni ka same shi sumul, sirrinsa ƙwaro ma numfashi yake yi, in aka toshe masa iska ya mutu. Darasin aji ɗaya ke nan a jami'a.

Samarin da ke ƙus-ƙus a baya, ku ma ga naku. Kun je gwajin jini kafin aure, an ce kai AS, ita ma AS, sai wani gwanin majalisa ya ce ba komai, ai ɗa ɗaya ne cikin huɗu ke yin sikila, ku haifi uku ku tsaya. Subhanallahi! Kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya bisa huɗu ne duk lokacin da aka ɗauka, ana iya jera biyu ko uku masu ciwon. Wannan ƙa'ida ta gado Gregor Mendel ya fitar da ita a 1866, kuma da shukar wani nau'in wake ya gano ta. Ga amfanin leƙen fure.

Yankari kuma da kuke kai baƙi wankan Wikki kuna hura hanci, tun 1956 aka keɓe ta. Giwayen da suka rage a cikinta wani ne ke ƙirga su, ya bi sawunsu, ya san dalilin da ke fitar da su zuwa gonakin ƙauyuka. Ba da stetoskof ake wannan aiki ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne a Zungur ake wannan raini. Malam Sa'adu Zungur, wanda kuke alfahari da sunansa, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba, kuma kafin siyasa ta ɗauke shi fannin kiwon lafiya ya koyar. Bai zama likita ba, ga shi yau jami'ar jiha da ke Gadau sunansa take amsawa. Wa zai tashi a cikinku ya ce bai nuna ba?

Ku kuma ɗalibai, kada ku ɗauka na wanke ku tas. Wanda ya haddace takarda ya zubar a jarrabawa, ya gama jami'a a Yelwa ko Gadau bai iya bambance sauron da ke kawo maleriya da na kwata ba, shi ya ba dattawan nan bakin magana. Ku shiga gona, ku shiga daji, ku riƙe madubin nan da gaske.

Dattawa, in yaro ya kawo muku takardar samun gurbin bayoloji, ku sa masa albarka, ku biya kuɗin rajista ba da ɗaure fuska ba. Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya je ya rufe hatsinsa tukuna, gobe bayan la'asar mu ci gaba.