Laifin Linzami Ne

Da watan Safar ya raba tsakiya, Sallar Gani ta fara ƙamshi a Daura, sai bayan gari ya cika da masu kilisa da la'asar. Cikinsu akwai 'ya'yan hakimai da barorinsu, waɗanda suka buɗe ido a barga. Akwai kuma waɗanda sha'awar doki ta zo musu tare da furfura: ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama. Burin waɗannan bai wuce su ratsa filin Kangiwa ranar hawa, a gaban Mai Martaba Umar Faruk Umar da ke kan gado tun 2007, ba tare da rawani ya riga su isa ƙasa ba.

Wanda maƙera suka fi ƙauna shi ne Alhaji mai linzami. Duk ranar da doki ya yi masa tutsu, bai kwana sai ya gano cewa ƙarfen ne bai zauna ba. Ya sa a ƙera mai kaifi, doki ya riƙa ɗaga kai yana kumfa. Ya koma mai laushi, doki ya ɗauke shi har gonar mutane. Masu wasan golf, waɗanda su ma sun shahara da ɗora wa sanda laifin hannu, doka ta tsayar musu sanda 14 a jaka. Shi Alhaji babu dokar da ta tsayar masa, don haka bangon zaurensa ya zama rumfar maƙeri. Abin da kowane yaron barga ya gani, bai kuma isa ya faɗa ba, shi ne Alhaji da linzamin yake riƙe kansa kada ya faɗi. Bakin dokin shi ne madafarsa.

Maƙwabcinsa mai ado ne. Shi matsalar hawa da kuɗi yake warware ta: sabon sirdi, jalala mai aikin zare, likkafa mai sheƙi, da kaimi wanda bai san lokacin taɓawa da shi ba. Kafin a gama ɗaure kayan, doki ya jiƙe da gumi a turke. A hoto babu kamarsa. Majayi kawai yake mantawa a ƙara ja, shi kuwa majayi ba ya fitowa a hoto, sai dai ya fito a labari.

Sai mai canza doki, abokin dillalai. Kili ya cika tsoro, akawal ya cika zafi, danda kuma ana cewa ba shi da sa'a. An taɓa gaya masa ɗan Azbin ba ya kunyata ubangijinsa, tun ranar yake aike har Nijar. Abin mamaki, kowane doki ya sayar, cikin wata guda sai a gan shi yana takama lafiya lau a ƙarƙashin wani.

Na zamani ya fi ban dariya, don shi da hujja yake tafe. Wayarsa cike take da bidiyon ƙwallon dawaki na Ajantina. Ya san Adolfo Cambiaso, mai daraja 10 wadda babu sama da ita a wasan, ya kuma san cewa a 2016 mutumin ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar ƙasarsu a kan dawakai 6 da masana suka kwafo daga jikin goɗiya guda mai suna Cuartetera. Daga nan zai gangaro Katsina, ya kawo Sarki Dikko da ya dasa wasan, da ɗansa Usman Nagogo, sarki daga 1944 zuwa 1981, wanda ya kai daraja 7. Duk gaskiya ne. Sai a kawo doki. Yau ya gajarta likkafa irin ta 'yan Ajantina, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Gobe ya sake ta har ƙafa na lilo. Ya hau yana lissafin inda diddige zai kalla da inda kafaɗa za ta karkata, dokin kuma, da bai kalli bidiyon ba, ya nufi inda ya hango harawa.

Mai laya ba ya wahalar da kowa. Ɗaya a wuyan doki, ɗaya a damtse, ɗaya a kwacciyar sirdi. In ya faɗi, baki ne.

Ɗan haya kuma ba a ganinsa wajen kilisa ko sau ɗaya. Ranar Hawan Magajiya yake ɓullowa a kan dokin da suka san juna da hantsi, mutum biyu riƙe da ragama, yana ɗaga hannu ga jama'a da ƙarfin hali. Da bindigar farko ta tashi, hannun ya koma kwacciya, bai sake barin ta ba sai gida.

Dukkansu a hannun mutum ɗaya suke: yaron da ke yankan ciyawa, ya jiƙa dusa, ya ba da kanwa, ya kwashe turke da asuba. Shi ne in Alhaji ya sauko yana haki, zai karɓi dokin, ya kwance sirdin mai tsada, ya haye gadon baya da ragama kaɗai, ya yi sukuwa har ƙarshen fili, ya dawo ya yi zamiya a gabansa. Alhaji ya dube shi, ya dubi doki, ya tambaya ko ya lura da wani abu.

"Ranka ya daɗe," in ji yaron, yana duban ƙasa, "ina ga dai linzamin ne."

Albashinsa ƙarshen wata ne, kuma maƙerin kawunsa ne.