Masu Ƙin Yarda da Kowa

A Dubai, inda aka kafa hukumar VARA a 2022 don sa ido kan kuɗin kirifto, akwai samarin da ke taƙamar ba su yarda da kowa ba. Ko manhajar Bitcoin Core ba sa ɗaukarta a dafe. Daga ɗanyen rubutunta suke haɗa ta ta hanyar amfani da manhajar Guix, yadda masu kula da Bitcoin Core ke yi tun 2021.

To, aikin na cin sa'o'i, sai suka bar wa wani ɗan umarni mai sarrafa kansa. Wa ya rubuta shi? Wani baƙo a intanet. Sun karanta kuwa? Ina! Suna can unguwar Deira suna kurɓar shayin karak.