Yadda Za Ka Saya wa Karenka Abin Wasa a Malanville

Da farko, Alhaji, kada ka shiga kasuwa ka ce abin wasan kare kake nema. Kasuwar Malanville ce ta biyu a girma a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, ba abin da babu, amma wannan tambayar za ta sa mai shago ya ƙwala wa maƙwabta kira, Dendawa da Zabarmawa da Fulani, su zo kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. Ka ce na jikanka ne.

Amma fa ka saya. Karen da ba a ba shi abin tauna ba da kansa yake zaɓa, kuma in ka ga yana shinshinar takalmi ka san sauran zancen. Ba silifan yara zai ɗauka ba, na zuwa Juma'a zai ɗauka.

Babbar abokiyar gabarka albasa ce, ga shi kuwa garin nan da ita yake taƙama. Guda ɗaya ta suɓuce daga buhu tana gangarawa, kare ya ga ƙwallo ta zo har gida. Ɗanya ko dafaffiya, albasa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba ranar abin zai nuna ba. Sai bayan 'yan kwanaki ka ga ya yi laushi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja, kai kuma ka fara zargin maƙwabci da sammu. Tafarnuwa ma 'yar gidansu ce. Goro kuwa, sinadarin da ke hana ka gyangyaɗi shi ke sa zuciyar kare dukan tara-tara, ka bar wa dattawa abinsu.

Dafaffen ƙashi tsagewa yake yi ya soki hanji, ƙayar kifin kogi ta maƙale a wuya, totuwar masara da ƙwallon mangwaro su toshe ciki sai an yi aiki. Leda kuma, majalisar Benin ta haramta marar ruɓewa tun 2017, sai dai har yau ba a samu wanda ya karanta wa kare dokar ba.

To me za ka saya? Ƙwallon roba mai kauri wadda ba za ta shige bakinsa gaba ɗaya ba. Danna mata farce: in ta ɗan lotsa, madalla, in ta ƙi, haƙori ne zai karye. Igiya mai kauri da ƙulli ta yi don ja-in-ja, amma da ta fara warwarewa ka ƙwace, zare a hanji ba wasa ba ne. 'Yar tsanar gwanjo mai idon maɓalli, ita ma idon zai fara haɗiyewa. Kuma kada ka bar roba a zafin ranar Afrilu ta nan, kare ma yana da leɓe.

Saura wurin wasa. Kada ka jefa ƙwallo wajen kogi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa garin nan da Gaya ta Nijar, mutane da kaya suka koma ƙetarewa a kwale-kwale, shi kuwa kare bai san iyaka ba. Zai bi ƙwallonsa ya ɓulla Gaya babu takarda ko ɗaya. Ka yi masa allurar rigakafin haukan kare tun yanzu, ko ba komai ka samu katin da za ka nuna in ka je belinsa.